TARIN FUKA A DABBOBIN GIDA DA NA DAJI: YADDA AKE GANE SHI DA INDA AKA KAI WAJEN RIGAKAFINSA

Gabatarwa

Da wuya a sami gari ko ƙauye a ƙasar nan inda ba a san tarin fuka ba, watau cutar nan da wasu ke kira tibi, wadda takan kama mutum da tari mai daɗewa, da rama, da gumin dare, har wani lokaci ya riƙa tofar da jini. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, shanu ma suna da nasu tarin fukan, kuma yana kama awaki da tumaki da raƙuma da aladu, har da namun daji irin su ɓauna da gadu. Yana kuma iya tashi daga dabba ya kama mutum, musamman ta hanyar nonon da ba a tafasa ba.

An shirya wannan ɗan littafi domin makiyaya, da masu kiwon turke, da mahauta, da dillalan kara, da mata masu sayar da nono, da maharba, da ma'aikatan gandun daji, da duk wanda ke shan nono ko cin nama. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan cuta tana ɓuya a jikin dabba wata da watanni ba tare da wata alama ba, sai an yi gwaji ake gane ta. Allurar rigakafinta ta shanu kuwa tana matakin gwaji ne har yanzu. Saboda haka kare garke da iyali ya rataya a kan gwaji, da duba nama, da tafasa nono.

Abin da ke kawo cutar

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ba a iya ganinta sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya bayyana gano ta a birnin Balin ran 24 ga watan Maris na 1882, shi ya sa ake tunawa da ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana kowace shekara. A 1898 kuma wani masani na Amurka, Theobald Smith, ya nuna cewa ƙwayar da ke kama shanu ta ɗan bambanta da wadda ta fi kama mutane. Ita ta shanun masana suna kiranta Mycobacterium bovis.

Ƙwayar tana da wata fata mai maiƙo kamar kakin zuma, wadda ke kare ta. Don haka tana iya yin makonni, har ma watanni, a raye cikin kashin shanu ko ƙasa mai laima a inuwa, ko da yake hasken rana yana kashe ta. Kuma tana hayayyafa sannu a hankali, abin da ya sa cutar ke daɗewa kafin ta bayyana.

Yadda take yaɗuwa

A tsakanin shanu cutar ta fi bin numfashi. Saniya mai ɗauke da ita takan yi tari, ƙwayoyin su bi iska, ta kusa da ita ta shaƙa. Wuraren da aka fi ɗauka su ne garken kwana, da mashaya, da komin ruwa ko na kanwa, da kara, da cikin motar da aka cunkusa shanu. Maraƙi yakan ɗauka daga nonon uwarsa. Kare da kyanwa da zaki sukan ɗauka in sun ci huhu ko kayan cikin dabbar da ta kamu. Shanun madara na ƙasashen Turai, da waɗanda ake tsarewa a rufaffen ɗaki, sun fi saurin kamuwa bisa ga shanunmu irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji. Amma fa namu ɗin ma suna kamuwa.

Mutum yakan ɗauka ta shan ɗanyen nono, ko shaƙar numfashin dabbar, ko ta yanka a hannu in yana fiɗa. Ga yara, cutar takan fito da kumburin kaluluwa a wuya, ko ciwon ciki, ko ta taɓa ƙashin baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 suka kamu da tarin fuka daga dabbobi, 12,500 suka mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Har ila yau, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka, watau firazinamid, ba ya cin ƙwayar shanu. Don haka yana da amfani majinyaci ya gaya wa likita in yana mu'amala da shanu ko yana shan ɗanyen nono.

Alamun cutar a jikin dabba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a nan ko idon makiyayin da ya tsufa cikin shanu ba ya wadatarwa. Saniya tana iya zama da ƙiba da sheƙin gashi, tana ba da nono, alhali kuwa ƙwayar tana cikin huhunta. Sai cutar ta yi nisa sannan ake ganin rama duk da ana ba ta abinci, da tari mai sanyi musamman da asuba ko bayan an kora ta, da kumburin kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi ko gaban kafaɗa, da raguwar nono, wani lokaci kuma hantsa ta yi tauri.

Waɗannan alamu suna kama da na sammore, da ciwon hanta, da tsutsar ciki, da ciwon huhu. Ya kamata a bambanta tarin fuka da ciwon huhu musamman. Ciwon huhu yakan faɗa wa garke da zafi, shanu da yawa su kwanta cikin ɗan lokaci, kuma yana da allurar rigakafi wadda ake yi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Wannan allura ba ta kare saniya daga tarin fuka. Kada makiyayi ya ce an yi wa shanunsa allurar bana, don haka ya huta.

Gwajin fata

Hanyar da aka fi bi a duniya wajen gane cutar a jikin dabba mai rai ita ce gwajin fata. Ana amfani da wani ruwa mai suna tubakulin, wanda ake samu daga ƙwayar cutar bayan an kashe ta, don haka ba ya sa ciwo. Koch ne ya fara yin sa a 1890 da nufin magani. Bai yi magani ba, amma ya zama abin gwaji.

Ga yadda ake yi. Likitan dabbobi zai aske gashi a wuri biyu a gefen wuyan saniya, ya auna kaurin fata da wani ƙarfen awo mai baki biyu, ya rubuta. Sai ya zuba ɗigo ɗaya na tubakulin cikin fatar da ƙaramar allura: a wuri ɗaya na ƙwayar shanu, a ɗayan na ƙwayar tsuntsaye. Dalilin na biyun shi ne, akwai dangin ƙwayar marasa lahani a ƙasa da ruwa da jikin kaji, waɗanda kan sa fata ta kumbura ba tare da saniya tana da tarin fuka ba. Bayan awa 72, watau kwana uku cif, likita zai komo ya sake aunawa. In kumburin wurin ƙwayar shanu ya ɗara na tsuntsaye da fiye da milimita 4, ana ɗauka dabbar ta kamu. Akwai kuma inda ake yin allura guda ɗaya a fatar gindin wutsiya.

Gwajin ba ya ɓata nono ko nama, ba ya sa ɓari. Abin da ake bukata ga mai shanu shi ne ya tsayar da su a wuri ɗaya har kwana ukun su cika, ya kuma sa wa kowace shaida don kada a rikita. Sai dai gwajin yakan tsallake wasu: wadda ta kamu cikin 'yan makonnin da suka wuce, da wadda cutar ta riga ta cinye, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Saboda haka ake maimaita shi, amma sai an bar aƙalla kwana 42 zuwa 60 a tsakani, domin in an yi da wuri fata ba ta amsawa yadda ya kamata.

Gwajin jini, da mayanka, da ɗakin bincike

Akwai kuma gwajin jini, wanda masana a Ostareliya suka ƙirƙiro wajen ƙarshen shekarun 1980. Ana ɗibar jini, a haɗa shi da tubakulin a ɗakin bincike, a auna yadda ƙwayoyin jinin suka amsa. Yana kama cutar da wuri fiye da gwajin fata, kuma sau ɗaya ake kama dabba. Wahalarsa ita ce tsada, kuma lalle jinin ya isa ɗakin bincike cikin kamar kwana ɗaya.

A ƙasar nan, wurin da aka fi gano cutar shi ne mayanka. Malamin duba nama yakan tsaga huhu da hanta da kaluluwar kai da ta ƙirji, yana neman wasu ƙullutai masu launin rawaya-rawaya, cikinsu kamar cuku, waɗanda kan yi ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa kamar an yanka yashi. In a gaɓa ɗaya suke, akan cire ta a halaka. In sun bazu a jiki, sai a hana cin naman baki ɗaya. Ana tabbatarwa ta aika da yanki zuwa ɗakin bincike, kamar na Vom, ko na sassan koyon likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato. Shuka ƙwayar don ta tsiro yakan ɗauki mako 8 ko fiye, amma gwajin zamani mai duba ƙwayar halittarta yana ba da amsa cikin 'yan kwanaki.

In an sami dabba da cutar

Abu na farko, a ware ta daga garke, a daina shan nononta, a daina ba maraƙi. Na biyu, a kai ta mayanka a yanka gaban malamin duba nama. Na uku, a sake gwada sauran garken. Ba a ba da shawarar yi wa saniya magani, domin sai an yi wata shida ko fiye ana ba ta magani kullum, kuɗin ya fi ƙimarta, warkewar ba ta da tabbas, kuma ana iya haifar da ƙwayar da ba ta jin maganin da ake ceton mutane da shi.

Ba a musun cewa rabuwa da saniya mai nono hasara ce, kuma zuciya takan raya wa mutum ya kai ta kara da sauri kafin ta rame. Amma wanda ya yi haka ya kai cuta gidan ɗan'uwansa, ya kuma bar ta a nasa garken, tun da waɗanda suka kwana da ita wataƙila sun riga sun ɗauka. Ƙasashen da suka rabu da cutar ta gwaji da yanka suka bi. Amurka ta fara nata shiri a 1917. Ostareliya ta fara a 1970, ta kuma bayyana cewa ta rabu da cutar a 1997, bayan shekara 27 ana aiki.

Cutar a namun daji

A wasu ƙasashe an yi ta gwada shanu ana yankawa, amma cutar tana komowa. Da aka bincika sai aka tarar ta sami maɓoya a daji. A Ingila an gano ta a 1971 a jikin wata dabba mai kama da dage, wadda suke kira baja. A Niyu Zilan wata dabba ce mai girman kyanwa, mai hawan itace, da ake kira fosam. A Sifen kuwa aladun daji ne da barewa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na gandun dajin Kuruga a Afirka ta Kudu. A 1990 aka gano tarin fuka a jikin ɓaunar wurin, kuma masana sun tafi a kan cewa daga shanun da ke kiwo a iyakar kudu ta dajin ta ɗauka, shekaru masu yawa kafin a farga. Daga ɓauna ta kama zakokin da ke cin ta, aka tabbatar da haka a 1995, ta kuma kama wasu dabbobin. Darasin a nan shi ne, sau da yawa shanu ne ke kai cutar daji, in ta zauna can kuma sai ta riƙa komo wa shanu, kuma fitar da ita yana da matuƙar wuya.

Gwada naman daji aiki ne mai tsada da haɗari. Kafin a yi wa ɓauna gwajin fata sai an harbe ta da allurar sa barci, a tsare ta, a sake sa ta barci bayan kwana uku. Don haka aka fi son gwajin jini, da kuma duba gawar dabbar da ta mutu ko aka harbe. Giwa, wadda ta fi ɗaukar ƙwayar mutane in tana zaune kusa da su, ana gwada ta ne ta zuba ruwan gishiri a cikin hannunta da take numfashi da shi, a tara abin da ta feso a kai ɗakin bincike.

Mu ma muna da gandun daji irin su Yankari a Bauchi, da na Tafkin Kainji, da Kamuku a Kaduna, da Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru, kuma da rani shanu da namun daji sukan haɗu a mashaya ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hana shanu shiga waɗannan wurare kariya ce ga namun daji, kariya ce kuma ga shanun.

Ina aka kwana game da rigakafi?

Allurar BCG da ake yi wa jariranmu a hannu da zarar an haife su, daga ƙwayar shanu aka samo ta. Wasu Faransawa biyu, likitan mutane Albert Calmette da likitan dabbobi Camille Guérin, suka fara aikin a birnin Lil a 1908. Sun yi ta shuka ƙwayar a kan dankali da ɗacin sa, suna canja mata wuri har sau 230 cikin shekara 13, har ta rasa ƙarfin sa ciwo. A 1921 aka fara ba wani jariri a Faris.

To, me ya hana a yi wa shanu? Dalili biyu ne. Na farko, kariyarta ba cikakkiya ba ce. Na biyu, wanda ya fi girma, saniyar da aka yi wa BCG takan kumbura a gwajin fata kamar wadda ta kamu, sai a kasa bambanta mai lafiya da mai ciwo. Wannan ya sa ƙasashe da yawa suka hana yin ta ga shanu. Masana sun samo wani sabon ruwan gwaji wanda aka haɗa da sinadaran da ke jikin ƙwayar cutar amma babu su a BCG, don ya nuna mai ciwo kaɗai. Ingila ta fara gwada shi a gonaki a 2021. A 2024 kuma aka bayyana sakamakon wani bincike a Habasha, inda aka haɗa maruƙa masu allura da marasa allura da shanu masu ciwo. An tarar cewa BCG tana rage kamuwa, kuma maraƙin da aka yi wa allura in ya kamu, yaɗawarsa takan ragu da kashi 74 cikin ɗari. Wannan albishir ne ga ƙasashe irin tamu, inda yanka duk dabbar da ta kamu ke da nauyi ga talaka.

Wajen namun daji an ɗan ci gaba. Ingila ta amince da allurar BCG ta baja a 2010: ana kama dabbar da keji da dare, a yi mata allura da safe, a sa mata shaida, a sake ta. Ailan ta sa wannan cikin shirinta na yaƙi da cutar a 2018. An kuma gwada sa rigakafin cikin abinci a watsa a daji, a Niyu Zilan da Sifen. Sai dai a tuna, rigakafi ba ya warkar da dabbar da ta riga ta kamu.

Saboda haka a yi hattara. Duk wanda ya zo kara ko ruga yana tallar allurar tarin fuka ta shanu, a ƙi saye, a gaya wa likitan dabbobi. Kada kuma a ɗauki BCG ta jarirai a yi wa maraƙi.

Abin da ake bukata ga kowa

1. Makiyayi da mai turke: a ware sabuwar dabba har a gwada ta kafin a haɗa da garke. A kai rahoton duk saniyar da ke tari da rama ga ofishin dabbobi mafi kusa. Kada mutane su kwana ɗaki ɗaya da maruƙa ko awaki.

2. Mata masu nono da duk uwar gida: a tafasa madara sosai, a bar ta ta huce, sannan a zuba iri a yi kindirmo. Tsami kaɗai ba ya kashe ƙwayar.

3. Sarkin pawa da mahauta: a riƙa yanka a mayankar hukuma, kada a ɓoye huhu ko hanta mai ƙullutu, kada a jefa wa karnuka. A rufe rauni a hannu kafin fiɗa.

4. Maharba da ma'aikatan gandun daji: duk dabbar da aka ga ƙullutai a huhunta, kada a ci, a sanar da likitan dabbobi.

5. Iyaye: a kai jariri a yi masa BCG da zarar an haife shi. Duk wanda ya yi tari mako biyu ko fiye, ya je asibiti. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ana warkewa in an sha maganin har ƙarshe.

Lafiyar garke da lafiyar iyali a haɗe suke, domin ƙwarya ɗaya ce ke tashi daga hantsar saniya zuwa bakin yaro. Gwamnati tana roƙon sarakuna, da arɗo-arɗo, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da na mahauta, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma ba likitocin dabbobi haɗin kai duk lokacin da suka zo gwaji. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu, amin.